BioShock: Wasan Bidiyon da Ya Gina wa Falsafar Ayn Rand Birni a Ƙarƙashin Teku

Wasannin bidiyo na harbe-harbe ba su cika damuwa da falsafa ba, shi ya sa BioShock ya fita daban tun lokacin da kamfanin 2K ya fitar da shi a watan Agustan 2007 a kan Xbox 360 da kwamfuta, ƙarƙashin jagorancin Ken Levine. Wanda na buga shi ne sabuntaccen da ya fito a 2016 cikin ƙunshin BioShock: The Collection, mai ɗauke da wasanni uku, amma a kan na farkon kawai zan yi magana, domin shi ne ya ɗauki falsafar marubuciya Ayn Rand, wadda ake kira Objektibizim, ya gina mata birni sukutum, sannan ya saki mai wasa ya yi ta yawo a cikin kangonsa.

Labarin ya fara ne a 1960, lokacin da jirgin sama ya faɗa Tekun Atlantika, wani matashi mai suna Jack ya tsira, ya yi iyo zuwa wata hasumiya da ke tsakiyar ruwa, daga nan wani ɗan ƙaramin jirgin nutso ya gangara da shi zuwa birnin Rapture. Wanda ya kafa birnin shi ne Andrew Ryan, hamshaƙin attajiri haifaffen daular Rasha da ya yi arziki a Amurka, wanda ya fara ginin a 1946 domin ya tsere wa gwamnati da addini da duk wanda zai ce yana da haƙƙi a cikin guminsa. Tun kafin a sauka ake cin karo da wani ƙyalle da aka rubuta cewa a nan babu alloli, babu sarakuna, sai mutum kaɗai, kuma jawabin da Ryan ke tarbar baƙi da shi yana zargin Washinton da fadar Paparoma da Mosko a kan laifi guda, wato raba mutum da abin da ya nema da hannunsa.

Duk wanda ya san tarihin Rand zai gane inda aka dosa, domin ko sunan Ryan ma daga nata aka ƙera shi. An haife ta a birnin Sant Fitasbag a 1905, ta ga yadda 'yan juyin juya halin Bolshebik suka ƙwace kantin maganin mahaifinta, ta bar ƙasar zuwa Amurka a 1926, ta mutu a New York a 1982. Koyarwarta ita ce hankali ne kaɗai hanyar sanin gaskiya, kuma kyakkyawar ɗabi'a ita ce mutum ya rayu domin kansa, kada ya sadaukar da kansa ga wasu, kada kuma ya sadaukar da wasu ga kansa. A siyasa ta taƙaita aikin gwamnati ga 'yan sanda da soja da kotu, ta bar sauran ga kasuwa. A littafinta Atlas Shrugged na 1957, masu basira da masu masana'antu sun janye jikinsu daga al'umma sun ɓuya a wani kwari a jihar Kolorado, inda komai ya tafi daidai. Rapture shi ne wannan kwarin, sai dai mazaunansa mutane ne irin waɗanda muka sani, masu haɗama da tsoro da hassada.

Babban ƙarfin wasan yana cikin birnin kansa. Gine-ginen suna da ƙawa irin ta New York a shekarun 1930, fitilun talla masu launi suna ci gaba da ƙyalli, ruwa kuwa yana yoyo ta kowace tsaga, kuma sabuntawar 2016 ta ƙara wa hotunan tsabta ba tare da ta taɓa wannan yanayi ba. Ba a zaunar da mai wasa a yi masa lacca. Yana tsintar labarin ne daga faifan murya fiye da ɗari da mazauna birnin suka bari a warwatse. A sashen asibiti akwai likitan gyaran fuska, Steinman, wanda ya ga babu mai tsawata masa, sai ya mai da fuskokin majinyata allon gwajin fasaharsa. A dajin Arcadia, wanda ke samar wa birnin iskar shaƙa, an ji yadda Ryan ya sa kuɗin shiga, da hujjar cewa manomi ma sayar da amfaninsa yake yi. Amma faifan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Frank Fontaine, ɗan fasa-ƙwauri kuma abokin hamayyar Ryan, inda yake cewa kowa ya zo Rapture yana zaton zai zama shugaban masana'anta, ya manta cewa dole wani ya wanke ban-ɗaki. Fontaine ya buɗe gidan gajiyayyu da gidan marayu, ba don tausayi ba, sai don ya tara rundunar waɗanda birnin ya watsar.

A nan ne nake ganin ya kamata a yi wa wasan adalci, a yi wa falsafar ma. Mutane da yawa suna cewa BioShock ya rusa Objektibizim, ni kuwa ban yarda da hakan gaba ɗaya ba. Rand ta tsaya kai da fata a kan cewa 'yanci ba ya tsayuwa sai da doka bayyananniya da kotun da ke kare haƙƙin kowane mutum, kuma ta yi kakkausar suka ga masu son a kawar da gwamnati baki ɗaya. A iya abin da wasan ya nuna, Rapture ba shi da kotu mai cin gashin kanta. Birni ne na mutum ɗaya, kuma daga ranar da Ryan ya haramta hulɗa da duniyar da ke wajen teku, shi da kansa ya buɗe wa fasa-ƙwauri ƙofa. Mabiyin Rand zai ce ba a gwada aƙidarsu ba tukuna, kuma yana da hujja. Sai dai abin da wasan ya kama da kyau ya fi wannan muhawara zurfi, wato abin da mai aƙida ke yi idan aƙidarsa ta fara ba abokin gabansa nasara. Fontaine ya fi Ryan iya kasuwa, sai ga mutumin da ya taɓa ƙona dajinsa a Amurka don kada gwamnati ta karɓe shi ya koma yana ƙwace kamfanin Fontaine Futuristics, yana zartar da hukuncin kisa a kan 'yan fasa-ƙwauri, yana tsare masu adawa da shi. An rubuta wannan zamewa a hankali, mataki bayan mataki, ta yadda kowane mataki yana da uzurinsa a bakin Ryan, kuma har yaƙin basasa ya ɓarke a daren shiga shekarar 1959 bai daina kallon kansa a matsayin mai kare 'yanci ba.

Inda wasan ya yi rauni shi ne wurin da aka fi tallata shi. Tattalin arzikin birnin ya dogara ne a kan wani sinadari mai suna ADAM, wanda ake samu daga wata halittar teku, yake ba mutum ikon harba wuta ko lantarki daga hannunsa, yake kuma haukata mai yawan amfani da shi. Ƙananan yara mata, waɗanda ake kira Little Sisters, su ne aka mayar masu tara shi, kowace da ƙaton mai gadinta cikin kayan nutso. Idan ka kashe mai gadin, sai a ba ka zaɓi: ka kwashe sinadarin duka yarinyar ta mutu, ka sami ADAM 160, ko ka cece ta ka sami 80. An so wannan ya zama gwaji tsakanin son kai da sadaukarwa, amma likita Tenenbaum, masaniyar kimiyyar da ke ƙoƙarin ceto yaran, tana aiko da kyauta mai ɗauke da ADAM 200 bayan kowace yarinya uku da aka ceta, don haka mai tausayi kusan bai yi asarar komai ba. Bugu da ƙari, kashe yarinya domin amfanin kai ba shi ne son kan da Rand ta koyar ba, tun da ginshiƙin siyasarta shi ne haramcin fara amfani da ƙarfi a kan wani. An haɗa mai neman na kansa da mai farautar mutane a tukunya ɗaya, alhali bambanta su shi ne ainihin da'awar falsafar, ko mutum ya yarda da ita ko bai yarda ba.

Ta fuskar wasa zalla, shekaru sun ɗan nuna. Haɗa bindiga da ikon sinadari yana da daɗi, musamman idan ka saki lantarki a cikin ruwan da abokan gaba ke tsaye, amma saitin harbi bai kai na wasannin yanzu laushi ba, kuma ɗan wasan jera bututu da ake yi kafin a buɗe na'ura yana gundura bayan an maimaita shi sau da yawa. Mutuwa ba ta da wani tsada, domin ana farfaɗo da kai a wata na'ura da ke kusa. Akwai wani juyin labari bayan an wuce tsakiyar wasan wanda ba zan tona ba, sai dai in ce abin da ya biyo bayansa bai kai shi ba, kuma faɗan ƙarshe na gama-gari ne, bai dace da wasa mai irin wannan tunani ba.

Ana iya kammala labarin cikin sa'o'i 12 zuwa 15. Wasa ne na manya, akwai jini da ashar da shan barasa, ga kuma maganganun Ryan na ƙin addini, waɗanda hali ne na mutumin da wasan ya nuna ƙarshensa, amma duk da haka bai kamata a bar yara da shi ba. Yana kuma buƙatar jin Turanci sosai, domin wanda ya tsallake faifan murya harbi kawai zai yi ya tashi, don haka ina ba da shawarar a kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo. Ana samun ƙunshin a kan PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta, da kuma Nintendo Switch tun 2020, kuma a cikin sabuntaccen an ɓoye wasu faifan fim masu launin zinariya a sassan birnin, waɗanda ke buɗe hira da Levine a kan yadda aka tsara Rapture.