Brahma ko Noiler a Tsakar Gidan Legas

Mai kiwon kaji a Agege ko Idi-Araba, inda fili ya yi ƙaranci, yakan nemi kaza marar faɗa. A nan Brahma, wadda aka samar a Amurka, ta yi zarra, domin duk girmanta tana da sanyin hali, ba ta cika tsallake katanga ba, har yara sukan ɗauke ta. Sai dai gashinta mai kauri, wanda ya sauko har ƙafafu, ba ya jituwa da zafin Legas da caɓin damina.

Noiler, wadda kamfanin Amo ya samar a jihar Oyo, ba ta kai ta haƙuri ba, amma tana jure yanayin nan, tana ba da ƙwai da nama. Wanda ba shi da busasshen akurki gara ya zaɓe ta.