Matthews ko Laine: zaɓin 2016

A 2016 ƙungiyar Toronto ce ke da zaɓin farko a ɗaukar matasan 'yan ƙwallon gora ta kan ƙanƙara na NHL, babbar gasar Amurka da Kanada, kuma kan masu farautar 'yan wasa ya rabu. Patrik Laine na Finland ɗan gefe ne mai bugu kamar harsashi, ya ci kofin ƙasarsa da ƙungiyar Tappara. Auston Matthews, Ba'amurke da ya tashi a Arizona, ya goge da manya a Zurich. Shi ɗan tsakiya ne, yana kai hari yana komawa tsaro, irinsa kuwa wuyar samu gare su. A ganina Toronto ta yi daidai da ta ɗauke shi. A kakar farko ya ci ƙwallo 40, Laine, wanda ƙungiyar Winnipeg ta ɗauka, ya ci mata 36.