Kafin Ka Sayi Kayan Ƙawata Ɗakin Haya a Katsina, Duba Bangon Tukuna

Ɗalibin da ya kama ɗaki a Batagarawa ko wajen titin Dutsin-Ma don ya kusanci Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, abin da yake tararwa kusan ɗaya ne: bango huɗu, taga ɗaya, ƙasa ta siminti ko tayil. Kowa yana so ya gyara wurin kwanansa. Rigimar tana zuwa ne ranar tashi, lokacin da mai gida ko dillalinsa ya shigo yana bin bango da ido yana lissafin kuɗin fenti.

Kafin ka doshi Babbar Kasuwa, shafa tafin hannunka a bangon. In ka ga farin gari ya biyo hannun, fentin ruwa ne mai arha, kuma babu gam ɗin da zai zauna lafiya a kansa. Ko dai abin da ka liƙa ya faɗo, ko kuma ya riƙe, ranar cirewa ya taho da fentin. In kuwa fentin mai ne, mai santsi da sheƙi, ko tayil, to kana da zaɓi da yawa.

Mu fara da maratayi mai gam, irin na Command da kamfanin 3M ke yi. Shi ne mafi tsafta a cikin masu liƙewa, domin an ƙera gam ɗinsa ne yadda in ka ja harshensa ƙasa a hankali, daidai da bango, zai miƙe ya saki ba tare da ya bar tabo ba. Ƙarami yana ɗaukar kusan giram 450, matsakaici kilo 1.3, babba kilo 2.2. Amma yana da sharuɗɗa. Sai an goge wurin da sifirit, an danna na daƙiƙa 30, an jira awa ɗaya kafin a rataya komai, kuma bangon da aka yi wa sabon fenti sai ya kwana bakwai. Babban abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba shi ne, kamfanin da kansa ya yi gargaɗin cewa gam ɗin yana iya saki idan zafi ya wuce digiri 40. Wanda ya yi watan Afrilu a Katsina, a ɗaki mai rufin kwano, ga wuta babu, ya san ba mu da nisa da wannan lamba. Don haka kalanda, hula, carbi da ƙaramin agogo sun dace da shi. Madubi da duk abin da zai fashe, a'a, balle a ce saman inda kake sa kai. Ga kuma jabu sun cika gari, masu kama da shi a ido amma gam ɗinsu na salatif ne kawai.

Shi salatif mai fuska biyu, mai soso a tsakiya, ban ba kowa shawarar sa shi a bangon haya ba. Yana da arha, yana riƙo, amma ba ya fita sai da fenti, wani lokaci har da yaɓe. Fitilun ado masu zuwa a naɗe, waɗanda ake jonawa da fawa banki, su ma irin wannan gam ne a bayansu. Liƙa su a jikin gado ko bayan tebur, haske ɗaya za ka samu. Gam mai kama da cingam, irin Blu Tack, yana da kyau ga takarda da jadawalin lakca, sai dai in ya daɗe yana barin tabon maiƙo a fentin ruwa.

Sai fale-falen soso masu zanen bulo da ake yayi yanzu. A hoto suna da kyau, ban musa ba. Amma bayansu gam ne daga sama har ƙasa, ƙurar hunturu tana maƙalewa a ramukan zanen, kuma da gefensu ya ɗaga kyankyaso da kuɗin cizo sun samu gida. Soso ne, yana kama wuta, ga ɗalibi da risho ko ƙaramin gas a cikin ɗaki. In bangon yana tsatsafo da ruwa da damina, danshin zai taru a baya. Kada ka liƙa su, sai dai in mai gida ya amince za ka bar masa su in za ka tashi.

Ƙusa fa? Mutane suna ganin ita ce babbar ɓarna, alhali siririn rami ɗaya ana toshe shi da ɗan filasta, yayin da fenti da ya ɓare faɗin tafin hannu sai an sake shafe bangon duka, don sabon fenti ba ya haɗuwa da tsoho. Matsalar ƙusar kankare ita ce in aka buga ta da gaggawa tana tsaga yaɓe. Ka je wa mai gidan da ladabi: “Alhaji, ina neman izinin buga ƙusa biyu saboda labule.” Yawancinsu ba sa hanawa, kuma wanda ya nemi izini ba a yi masa lissafi irin na wanda ya yi gaban kansa.

Ni da za a bi tawa, mafi yawan kuɗin ya tafi ga abin da ba ya taɓa bango. Leda ko kafet a ƙasa, amma a shimfiɗa kawai a danne da kaya, kada a yarda mai shimfiɗawa ya sa gam. Tabarma ko darduma mai launi. Kanta mai tsayawa da ƙafarta don littattafai da tukwane. Dogon madubi a jingine. Yadi uku ko huɗu na atamfa a kan igiya tsakanin ƙusoshi biyu suna rufe bango mai datti fiye da kowace takardar liƙa wa bango, ana wanke su, kuma za su bi ka duk ɗakin da ka koma.

Ranar da ka karɓi makulli, ɗauki hoton kowane bango, tabo da tsaga, ka tura wa mai gida ko dillali ta WhatsApp, kwanan watan ya zauna a wayoyinku ku biyu. In kuma gam ya riga ya kama, kada ka fizga: ɗumama shi da na'urar busar da gashi, ka zura zare mai ƙarfi ta baya, ka yanka a hankali.