Hattara da mai wuƙar "garantin har abada" a Legas

Salamu alaikum 'yan'uwa mahauta, masu suya da masu kilishi na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago. Babbar Sallah ta ƙarato, kowa na neman wuƙa, shi ya sa na ga shiru bai kamace ni ba. Akwai wani mai tallar wuƙaƙe a Facebook da TikTok, da Hausa yake magana, yana cewa wai ƙarfen Damaskas ne, wato irin ƙarfen wuƙa mai zane a jiki, kuma da garantin har abada. Ya ci ni naira dubu 45, ya ci ƙanena haka nan. Shekarata 19 ina fawa a kwatar Oko-Oba, don haka da kunya nake rubuta wannan.

Bidiyonsa ne ya ja ni. Za ka ga an datse ƙusa da wuƙar, an sare ƙashin saniya, sannan a ɗauko takarda a zarge ta kamar an ja zare. Sai daga baya da na sake kallo a natse na lura hoton yana tsinkewa tsakanin saran ƙashi da yankan takarda. Wuƙar da ta sha ƙashi daban, wadda ta yanka takarda daban. Ita kuwa ƙusa ƙarfe ne mai laushi, tsohuwar adda ma za ta datse ta in an buga bayanta da guduma.

Na yi masa magana ta WhatsApp. Baki kamar zuma: "Alhaji, ranka ya daɗe, ko ta karye bayan shekara goma, ko da gangan ka karya ta, kawo ta in ba ka sabuwa." Na ce ina shago in zo in gani da idona? Ya ce kayan na sito a wajen Ojo, ɗan aike mai babur zai kawo, amma sai an tura kuɗi tukuna. Sunan da ke kan asusun ba shi ne sunan shafin ba. Na gani sarai, kwaɗayi ya rufe min ido.

Wuƙa ta iso cikin kwali mai kyau, jikinta da zane kamar igiyar ruwa. A gefe ɗaya an rubuta Solingen, wato garin maƙeran wuƙa na Jamus, a kwalin kuma an buga tutar Japan. Wuƙa ɗaya, ƙasa biyu, ga sunan Damaskas, wato Dimashƙu ta Siriya, na uku. Ranar farko ta yi fiɗa lafiya lau. Kwana na uku sai da na kai ta kan dutse sau huɗu kafin azahar. Kwana na tara yarona na rage kitse a jikin haƙarƙari, ba sara ba, ba komai ba, sai ƙotar ta rabu da ƙarfen, bakin ya zame ya tsaga masa tafin hannu. Allah ya taƙaita, ɗinki kawai aka yi.

Na kwashi tawa da ta ƙanena na kai wa wani dattijon maƙeri a nan Agege, wanda ya daɗe yana ƙera mana wuƙa da sifirin mota. Da ya jera su sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, dubi nan." Zanen wuƙaƙen biyu iri ɗaya ne sak, layi bisa layi, kamar atamfar da aka yanko daga turmi guda. Damaskas na gaske a yau ƙarfe iri biyu ake jerawa, a gasa, a buga, a ninka, a sake bugawa, sannan a tsoma a ruwan asid zanen ya fito. Don haka zanen yana cikin naman ƙarfen, har a gadon bayan wuƙar ana iya ganin sawunsa, kuma ba a samun biyu da suka zo ɗaya. Baba ya goga samfefa a gefe, zane ya tafi, ya shafa lemon tsami ya ajiye, babu abin da ya dawo. A sama kawai aka buga shi.

Sai ya ɗauko magagari ya ja a bakinta. Ya ci ta kamar yana cin ƙusa. Ƙarfen da ya sha wuta yadda ya kamata, magagari kan zame a kansa ne ko ya ɗan kama kaɗan. Turawa na auna wannan taurin da ma'aunin Rockwell. Wuƙar girki ta Jamus kan tsaya wajen 56 zuwa 58, ta Japan kan kai 60 ko ta ɗan haura. Kuma duk wanda ya riƙe wuƙa ya san cinikin da ke ciki: in ta yi tauri sosai tana daɗewa da kaifi amma ƙashi na yi mata giɓi, in ta yi laushi ba ta giɓi amma bakin na lanƙwashewa ta dakushe. Wanda ya ce maka tasa na aske gashi kuma tana sare ƙashi har abada, bai taɓa tsayawa a kan teburin fawa ba. Shi ya sa muke da wuƙar yanka daban, ta fiɗa daban, ƙashi kuma na adda da gatari ne.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne cikin ƙotar. Daga waje ƙusoshi uku ne masu ƙyalli, ashe biyu kwalliya ce aka liƙa da gam. Wutsiyar ƙarfen da ta shiga katakon ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Na koma wa mutumin da hotuna, har da na hannun yaron. Nan garantin har abada ya fara rikiɗa. Farko ya ce na yi amfani da ita ba bisa ƙa'ida ba. Da na tura masa muryarsa inda ya ce ko da gangan ne zai canza, sai ya ce to in turo dubu 12 kuɗin aike da "rajistar garanti". Na ƙi. Washegari ya toshe lambata.

Na tambayi Baba shi me yake ɗauka in ya sayar da wuƙa. Ya ce in ƙota ta kwance, ko ƙarfe ya tsage ba tare da an ci zalinsa ba, ko bakin ya ƙi riƙe kaifi tun daga farko, laifin maƙera ne, zai gyara ko ya canza ba ko kwabo. Amma in ka ɓalle tsininta wajen buɗe gwangwani, ko ka sari daskararren nama daga firiza, ko ka bar ta cikin jini ta kwana ta yi tsatsa, wannan naka ne. Manyan kamfanonin wuƙa ma haka takardarsu take: aibin ƙarfe da aibin ƙira suke ɗauka, ban da ɓarnar mai ita da cinyewar yau da gobe. Mai niyyar cika alkawari yakan sa masa iyaka, don daga aljihunsa zai biya. Wannan kuwa ya ce komai da komai, tunda ba shi da niyyar biyan ko ɗaya. Da na yi wannan tunanin tun ranar farko, da kuɗina na nan.

In za ka saya, je ka riƙe ta a hannu kafin kuɗi ya fita. Tafi da guntun kwali ko igiya, ka yi yanka kamar ashirin, sannan ka gwada ta a tumatir da wannan wuƙar dai, ba wata ba. Girgiza ƙotar, ka duba ko ƙarfen ya ratsa har ƙarshenta. Ka ce ya rubuta maka a rasit abin da garantin ya ɗauka, tsawon wane lokaci, da adireshin da za ka same shi. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba mutum damar mayar da kaya mai aibi, kuma akwai hukumar FCCPC ta tarayya da LASCOPA ta jihar Legas da ke karɓar ƙorafi, amma sai da shaida da wanda za a nema. Ni abin da ke hannuna lambar waya ce da ta daina shiga da hoton tura kuɗi, su na haɗa na kai banki.

Jiya ƙanena ya turo min wani sabon shafi. Suna daban, lamba daban, farashi ya sauko zuwa dubu 38 wai rangwamen Sallah, amma bidiyon ƙusar nan ne, muryar ma ita ce. Karyayyar wuƙar tana nan rataye a rumfata, duk wanda ya shigo kwata ya zo ya duba cikin ƙotar da idonsa.