Ɗan kayan sola da na siyo a kasuwar Alaba ta Legas

Jama'a wannan kayan sola na koyar da yara wallahi ya biya kuɗinsa. Ƙaramin faranti ne da 'yar fanka da ƙwan fitila ɗaya. Na kai wa ɗalibaina a Agege muka fita tsakar rana fanka ta hau juyawa, wani yaro ya rufe farantin da tafin hannu sai ta tsaya cak, ihu kawai kake ji. Nan na ce musu ba zafi bane ke kawo wutar, haske ne ke bugun silikon ɗin ciki, wato sinadarin da aka yi farantin da shi, ya tunkuɗa elektron, 'yan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, su bi waya, zafi ma rage masa ƙarfi yake. Sai dai wayoyin sirara ne kuma babu batir, ranar da hadari ya haɗo sai mu koma allo.