Jinga ko kuɗin mita: wanne ya fi a aikin wanke harabar gida da injin feshi?

Ɗan'uwanmu da ya sayi injin feshin ruwa a Agege ya tambaya: an kira shi wankin harabar wani gida a Ajah, daɓen intalok ne (ƙananan bulullukan siminti da ake jerawa a ƙasa) da katanga, ya yanka farashi a jinga ne ko ya auna ya yi kuɗin kowace mita? Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Hanyoyin biyu duk ana bi a Legas, amma kowace akwai inda take cin mutum.

Jinga ita ce ka zagaya gidan, ka duba da ido, ka faɗi kuɗi ɗaya a dunƙule. Mai gida ya fi son ta, don ya san abin da zai fitar tun kafin a tayar da inji, ciniki kuma yana ƙarewa da wuri. Illarta ita ce ido yana ruɗin mutum. Haraba mai motoci uku a ciki takan yi kamar ƙarama, sai an fitar da su ka ga fili ya buɗe. Cikakken fuloti a Legas ƙafa 60 ne da 120, wato murabba'in mita ɗari shida da wani abu, kuma bayan an cire gini abin da ya rage yana iya kai 300. Wanda ya yi jinga yana zaton 150 ne, rabin aikin kyauta ya yi.

Kuɗin mita kuwa, tef za ka ɗauko: tsawo sau faɗi, ka raba harabar gida-gida idan ba ta miƙe ba, ka tara. Katanga tsawonta sau tsayinta, kuma ka tambaya ciki kaɗai ake so ko har waje, don wajen ninki ne. Wannan hanya ta fi ƙarfi a manyan ayyuka: gidan mai, harabar makaranta, wurin ajiye motoci na kamfani, inda manaja yake son takarda da lissafi da zai kai wa na sama da shi. Amma tana da rauni a wuri biyu. Na farko ƙaramin aiki. A ɗauka, don misali kawai, ka tsayar da naira 500 a mita. Mita 300 ta ba ka 150,000. Mita 30 kuwa 15,000 ce, alhali motar da za ta ɗauko inji daga Agege ta ƙetare gadar Third Mainland ta bi titin Lekki zuwa Epe cikin gosulo kuɗinta ɗaya ne, ko aikin babba ko ƙarami. Shi ya sa dole ka sa ƙaramin kuɗin fita, wanda ƙasa da shi inji ba ya barin shago.

Rauni na biyu ya fi wannan: mita ba ta san datti ba. Intalok mai ƙurar rani kawai, da bakin feshi kore (mai baza ruwa faɗin digiri 25) ko fari (digiri 40) za ka wuce shi da sauri. Wanda ya sha damina a inuwar katanga, gansakuka ta yi masa baƙi-ƙirin tana santsi, sai an jiƙa shi da ruwan bilic, a bar shi minti goma zuwa sha biyar ba tare da ya bushe ba, sannan a bi shi, wani wurin sau biyu. Inda janareto yake zama ko mota take ɗigar da baƙin mai, ruwan sanyi ba ya cire shi komai ƙarfin inji, sai da sinadarin narka maiƙo da buroshi, kuma ko an yi haka intalok yakan riƙe inuwar tabon don ya riga ya tsotse. Jan tabon da ruwan burtsatse mai ƙarfe yake bari a katangun Lekki da Ajah shi ma maganinsa dabam ne, bilic ba ya taɓa shi. Faɗi ɗaya, amma wannan awa uku, wancan yini guda.

Saboda haka shawararmu ita ce ka auna da mita a cikinka, ka faɗa wa mai gida a jinga. Kafin ka buɗe baki, ka nemi izini ka wanke mita ɗaya a wurin da ya fi muni, kana duba agogo. Wannan gwaji shi zai gaya maka awa nawa aikin zai ci, kuma mai gida da ya ga tsaftatacciyar mita ɗaya a tsakiyar baƙin daɓe ba ya cika jan ciniki.

Daga awannin nan sauran lissafi yake fitowa. Ƙaramin inji irin Honda GX200 yana shan kusan lita ɗaya da rabi zuwa biyu na fetur a awa, yana fesa ruwa kimanin lita 10 a minti. Babban, GX390, ya haura lita uku a awa, ruwa kuma lita 15 a minti, wato 900 a awa idan hannu bai bar kunama ba. Tankin lita 2,000 da ke saman gidan bai fi awa biyu da ɗan wani abu ba a wurinsa. To wa zai kawo ruwa? Idan babu wuta, wa zai tayar da janareto a buga burtsatse? Idan sai an kira tanka, kuɗin wa? A tsayar da wannan magana tun farko. Mun fi damuwa da ita a kan komai, domin famfon inji da ya yi aiki ba ruwa robobinsa ƙonewa suke yi, gyaransa kuma ya cinye ribar aikin. Fetur ka sa farashin ranar. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba a dogara da farashin watan jiya, don haka ka rubuta cewa kuɗin da ka faɗa na mako ɗaya ne ko biyu. Ka ƙara ladan yaran aiki da abincinsu, sinadari, mota zuwa da dawowa, kamashon wanda ya haɗa ka da aikin idan akwai, da wani abu na gyaran inji da tiyo. Sai ka ɗora ribarka, ka kuma bar ɗan sarari na ragi, don ba mai gidan da zai sallama ba tare da ya taya ba.

Yashin da ke tsakanin intalok ma yana shiga lissafi. Feshi yana kwashe shi ya tara a kwata, idan kuma ba a mayar da sabo ba bayan daɓen ya bushe, bulullukan su fara motsi ƙarƙashin taya. Mayar da yashi da kwashe laka daga kwata aiki ne dabam mai kuɗinsa. A katanga mai fenti kada jan bakin feshi (digiri 0, mai harba ruwa a tsaye wuri ɗaya) ya kusanto, har rawaya ma da taka-tsantsan. Fentin da ya riga ya kumbura ka ɗauki hotonsa ka nuna wa mai gida kafin ruwa ya taɓa shi.

Na Ajah ɗin nan, ka je ka auna da kanka, kada ka yanka kuɗi a kan hoton WhatsApp. Ka tambayi masu gadin estet ƙarfe nawa ake barin ma'aikata su shiga su fita, ka rubuta abin da jingar ta ƙunsa da abin da ba ta ƙunsa ba, ka karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami sannan ka ɗora inji a mota.