Rariya, Kwando Ko Haƙorin Saye: Wanne Za Ka Fara Da Shi?

Wanda sha'awar tsintar kwanson teku da haƙoran kifin shak ta kama, hanya uku ce a gabansa. Ko ya sayi rariya, ko kwandon nan na ƙarfe mai dogon mariƙi da ake kwasar yashi da shi, ko kuma ya hutar da kansa ya sayi abin da wani ya riga ya tsinto. Duka ukun na taɓa su, kuma ba ɓoye-ɓoye, rariya ce tawa.

Kifin shak yana zubar da dubban haƙora a rayuwarsa, sabo na ture tsoho. Jikinsa kuwa guringuntsi ne ba ƙashi ba, shi ya sa haƙoran ne suka fi saura. Waɗanda suka daɗe binne sun sha ma'adinan ƙasa har sun koma baƙaƙe, ko ruwan toka, ko ruwan ƙasa. Yawancinsu ba su fi farcen yatsa ba, kuma a cikin tsakuwa da gutsattsarin kwanso ido kaɗai ba ya raba su. Nan rariya ke aikinta. Ka nemi mai katako a gefe, mai ragar waya da idonta ya kai kamar milimita 6. In ya fi haka faɗi ƙananan haƙora za su zube, in ya fi haka matsewa za ka wuni kana girgiza laka. Wayar ta zama wadda ba ta tsatsa, don ruwan gishiri ba ya raga wa ƙarfe. Ni har roba mai iyo nake ɗaura wa tawa a gefe, da igiya a ƙugu, ta tsaya bisa ruwa hannuna biyu su sami sakewa. Ka fita lokacin da ruwa ya janye, musamman bayan guguwa, ka tsaya inda igiyar ruwa ta tara tarkace. A wurare irin su Venice ta jihar Florida a Amurka, da kaya irin wannan mutane ke cika aljihu.

Kwando mai mariƙi yana hutar da baya, amma nauyi gare shi, kuma yana farfasa kwanso mai laushi. Na bar wa masu ciwon ƙugu.

Saye kuma, a nan ake kuka. Na taɓa sayen haƙorin megalodon, ƙaton shak ɗin nan da ya ƙare kimanin shekara miliyan 3.6 da suka wuce, wanda mafi girman haƙoransa ke kusan santimita 18. Nawa ya cika tafin hannu, sumul, ba tsaga ko ɗaya. Ran da na wanke shi saiwar ta fara narkewa a hannuna kamar gishiri. Ashe rabin haƙori ne aka cike da filasta irin ta gini da yashi da gam, aka bi da fenti. Mai sayarwar kuwa ko amsa saƙona bai ƙara yi ba.

Tun ranar nake da sharuɗɗa. Haƙori na gaske yana da nauyi da sanyin dutse. Na roba sakayau ne. Ka goga auduga mai ruwan goge jan farce a inda saiwa ta haɗu da ɓangaren mai sheƙi, in launi ya biyo audugar, an yi aiki. Allura mai zafi tana nutsewa cikin roba har ka ji ƙauri, a dutse kuwa ba ta yin komai. Gefen haƙorin megalodon yana da ƙananan tsini kamar na zarto, to ka duba ko sun ɓace a wani wuri sannan suka dawo. Ka yi hattara da haƙoran da ke fitowa daga mahaƙar ma'adinin fosfat ta yankin Khouribga a Maroko. Akwai na gaske birjik, amma akwai masu liƙa kan wannan da saiwar wancan, har su jera haƙora cikin muƙamuƙin da aka ƙera da hannu. Kuma da yawa na wani shak ne da ya riga megalodon, Otodus obliquus, sai a laƙaba musu sunan da ya fi tsada. Gyara ba laifi ba ne in an faɗa. Mai sayarwar da ya ƙi turo hoton baya da gefe, ka wuce shi.

Fararen haƙora tas galibi sababbi ne, sau da yawa daga kifin da aka kashe. Babban farin shak yana cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun dawa tsakanin ƙasashe, don haka ƙetare iyaka da haƙoransa sai da takarda. Haka kwanson notilus, wata dabbar teku mai murɗaɗɗen kwanso, tun 2017. Kwanson da ka gani yana ƙyalli kamar tangaran, galibi da ransa aka ɗauko shi, aka goge, wani ma aka rina. Kai ma in ka tsinci kwanso ka leƙa ciki, in da mai gida ka mayar. Mai siffar mazurari kuwa kada ka riƙe shi in yana da rai, dafin wasunsu yana kisa.

In dole sai ka saya, ɗauki mai ɗan karaya a baki wanda ba a taɓa ba. Rabin nan nawa na gaske yana cikin kwalba ɗaya da ƙananan baƙaƙen da rariya ta ba ni, filastar kuma na kankare ta da wuƙa.